Saidicen: dabarar da ke sa wani sauti ya kauce wa wani a wajen haɗa kiɗa

Duk mai sauraron rediyo ya san wannan abu, ko da bai san sunansa ba. Kiɗa yakan tashi da ƙarfi a farkon shiri, amma da zarar mai gabatarwa ya buɗe baki sai kiɗan ya sunkuya, idan ya yi shiru kuma kiɗan ya sake ɗagowa. A gidajen rediyo da dama ba hannun mutum ne ke yin wannan aiki ba. Wata na'ura ce ke sauraron muryar, tana rage ƙarfin kiɗan gwargwadon abin da ta ji.

Injiniyoyin sauti suna kiran wannan dabara saidicen, kalmar Ingilishi da za a iya fassarawa da sarƙar gefe. An ƙirƙiro ta ne domin ta yi aiki a ɓoye, ba tare da mai sauraro ya lura ba. Sai dai kuma daga ƙarshen shekarun 1990 masu haɗa kiɗan rawa a Turai suka fito da ita fili, har ta zama ɗaya daga cikin alamomin da ake gane kiɗan zamani da su.

Yadda dabarar ke aiki

Domin fahimtar saidicen sai an fara sanin na'urar da ake kira kwamfuresa, wato na'urar matse sauti. Aikinta shi ne rage tazarar da ke tsakanin sauti mai ƙarfi da mai rauni. Mawaƙi na iya yin raɗa a wani baiti, ya ɗaga murya a wani. Idan aka bar muryar yadda take, raɗar za ta nutse a cikin kiɗa, ɗaga muryar kuma ta kece lasifika. Kwamfuresa kan danne wuraren da suka yi ƙarfi, daga nan sai a ɗaga muryar baki ɗayanta.

A cikin kowace kwamfuresa akwai hanyoyi biyu. Ta farko ita ce wadda sautin ke bi ya shiga ya fita. Ta biyu kuwa tamkar kunnen na'urar ce: tana auna ƙarfin sauti, tana ba da umurnin lokacin da za a rage da kuma yawan abin da za a rage. Wannan hanya ta biyu ita ce ainihin sarƙar gefe. A bisa al'ada, kunnen yana sauraron sautin da ke wucewa ta cikin na'urar ne, wato sautin shi ke danne kansa.

Dabarar ta fara ne a lokacin da aka raba waɗannan hanyoyi biyu. Sai a tura kiɗa ta hanya ta farko, a haɗa kunnen da wani sauti dabam, misali muryar mai magana. Kunnen bai san da kiɗan ba, murya kawai yake ji, amma duk umurnin da ya bayar a kan kiɗan yake sauka. Abin ya yi kama da mai tura kura a cikin lungun kasuwa. Yana cewa a ba da hanya, jama'a su rabe, yana wucewa su koma inda suke.

Abubuwa huɗu ne injiniya ke saitawa. Na farko shi ne iyaka, wato ƙarfin da sai sauti ya kai kafin na'urar ta motsa. Na biyu shi ne yawan ragi. Idan aka saita shi a kan 4 bisa 1, kuma sautin da kunnen ke ji ya zarce iyaka da desibel 8, to na'urar za ta rage desibel 6, wanda ya yi daidai da kusan rabin ƙarfin siginar. Na uku shi ne saurin kamu, na huɗu kuma saurin saki, kuma dukansu ana auna su ne da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

A cikin huɗun, saurin saki ne ya fi wahalar da masu koyo, kuma shi ne ke yanke hukuncin ko dabarar za ta ɓuya ko za ta bayyana. Idan sakin ya yi sauri da yawa, sautin da aka danne yakan dawo da fizga, har a ji yana karkarwa. Idan ya yi nawa, ba ya samun damar ɗagowa kafin a sake danne shi, sai ya zauna a ƙasa kamar wanda aka manta da shi.

Daga fina-finan Holiwud

Tarihin dabarar ya fara ne a masana'antar fim, ba a kiɗa ba. Bayan fitowar fina-finai masu magana a ƙarshen shekarun 1920, injiniyoyi sun ci karo da matsalar haruffa masu tsaki, irin su s da sh, waɗanda kan fito da kaifi fiye da kima idan aka naɗe su. Rage ƙarfin muryar baki ɗaya ba mafita ba ce, domin maganar za ta yi rauni.

Ana danganta maganin wannan matsala da Douglas Shearer, haifaffen Kanada wanda ya shugabanci sashen sauti na kamfanin fina-finai na MGM a Amurka. A shekarun 1930 ya ɗauki kwafin muryar, ya tace shi ta yadda haruffan masu kaifi ne kaɗai suka rage a ciki, sannan ya miƙa wa kunnen kwamfuresa wannan kwafi. Na'urar sai ta daina kula da sauran magana. Ba ta motsi sai tsakin ya zo, ta rage shi na ɗan ƙiftawar ido, ta saki.

Har yau haka na'urorin rage tsakin murya suke aiki, suna sa ido a kan sautukan da ke girgiza kamar sau 5,000 zuwa 8,000 a daƙiƙa. Da wuya a sami waƙar da aka haɗa a situdiyo ta zamani ba tare da muryar ta bi ta cikin irin wannan na'ura ba, kuma alamar aikin ya yi kyau ita ce mai sauraro bai san an yi shi ba. Idan aka wuce gona da iri kuwa, mawaƙin sai ya zama kamar mai tsamin baki.

Rikicin ganga da bes

Inda saidicen ya fi yin amfani a haɗa kiɗa shi ne a tsakanin babbar ganga, wadda ake bugawa da ƙafa, da kuma bes, wato kayan kiɗan da ke ba da sauti mai kauri, ko jita ce ko madannai. Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da ke girgiza daga kusan sau 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Nauyin babbar ganga yana zaune ne a wajen 50 zuwa 100, kuma a nan ɗin ne bes shi ma ya fi ƙarfi. Wato baƙi biyu ne aka sauke a ɗaki ɗaya.

Idan suka buga a lokaci guda, matsaloli uku kan taso. Wani yakan rufe wani, kunne ya kasa raba su. Wani lokaci kuma igiyoyin sautinsu kan saɓa wa juna, ɗaya na tura lasifika gaba ɗaya na janye ta baya, sai bugun ya fito ba nauyi. Idan kuwa suka dace, ƙarfinsu kan haɗu ya kai ga rufin da na'urar dijital ba ta bari a wuce. Sauti mai kauri shi ne ya fi cin wuri a ƙarƙashin wannan rufi, saboda haka ganga da bes idan suka yi karo, dole a rage ƙarfin waƙar duka domin a ba su fili.

Mafitar ita ce a sa kwamfuresa a kan bes, a haɗa kunnenta da ganga. Duk lokacin da gangar ta sauka, bes zai sunkuya da desibel 2 ko 3, ya dawo cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Kunne ba ya jin an rage komai. Abin da yake ji kawai shi ne gangar ta fito sarai, bes kuma yana nan da kaurinsa.

Ana yin irin wannan a tsakanin murya da jita, ko murya da madannai. Haka kuma ana yi a kan amsa-kuwwa: yayin da mawaƙi ke furta kalmomi sai a danne amsa-kuwwar domin kada ta dagula su, idan ya kai ƙarshen baiti sai ta buɗe ta cike shirun.

Lokacin da aibi ya zama ado

A littattafan koyar da aikin sauti na da, idan aka ji kiɗa yana sunkuyawa yana ɗagowa kamar mai haki, alama ce ta injiniya bai iya saita kwamfuresa ba. Amma tun a wancan zamani akwai waɗanda suka ga kyau a cikin wannan aibi. A 1966, a situdiyon Abbey Road da ke Landan, Geoff Emerick, wanda a lokacin yake da shekara 20, ya tura gangunan Ringo Starr ta cikin na'urar Fairchild da ƙarfi a waƙar Tomorrow Never Knows ta ƙungiyar Beatles, har faifan ƙarfen da ake kaɗawa ya riƙa shaƙewa yana buɗewa tare da bugun ganga. Ba a yi amfani da sautin waje ba a nan, gangar ce ke danne abokan tafiyarta a cikin na'ura guda, amma sakamakon shi ne irin wanda daga baya aka riƙa nema da gangan.

Akwai kuma wata 'yar'uwar kwamfuresa da ake kira ƙofa, wadda ke rufe sauti ruf sai an ba ta umurnin buɗewa. Ita ma ana iya haɗa kunnenta da wani sauti. Sautin gangar da ya mamaye waƙoƙin shekarun 1980, mai fashewa da ƙarfi ya yanke nan take, ya samo asali ne daga aikin Hugh Padgham da Steve Lillywhite a situdiyon Townhouse na Landan, inda Phil Collins ya buga ganga a waƙar Intruder ta Peter Gabriel da ta fito a 1980. Collins ya sake amfani da shi a In the Air Tonight a 1981. Hanyar da injiniyoyi suka bi wajen kwaikwayon wannan sauti ita ce su sa ƙofa a kan amsa-kuwwa, su bar makirufon da ke kusa da gangar ya riƙa buɗe ta.

Sai dai a birnin Paris ne abin ya zama salo sosai. Kiɗan rawa da ake kira hawus, wanda ya taso a Shikago a shekarun 1980, an gina shi ne a kan babbar ganga mai sauka sau huɗu a kowane zagaye ba fashi. Matasan Faransa da suka ɗauki salon a shekarun 1990 sukan yanko guntayen tsoffin faya-fayen disko su ɗora a kan wannan ganga. Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo, waɗanda suka kafa Daft Punk a 1993, sun yi kundinsu na farko, Homework, na 1997, a ɗakin kwana, kuma sun bayyana cewa na'urar da suka fi dogara da ita ita ce Alesis 3630, ɗaya daga cikin kwamfuresoci mafi arha a kasuwa, wadda manyan injiniyoyi ke rainawa.

A waƙar Music Sounds Better with You ta ƙungiyar Stardust a 1998, wadda Bangalter ke cikinta, da kuma One More Time ta Daft Punk a 2000, ana jin kiɗan yana numfashi tare da ganga. Ya kamata a faɗi cewa wani ɓangare na wannan sauti na Faransa yana samuwa ne ta hanya mafi sauƙi: a ɗaga gangar fiye da komai, a tura waƙar baki ɗaya cikin kwamfuresa, gangar ta danne kowa da ƙarfin tsiya. Amfani da kunnen waje shi ne ya ba masu haɗa kiɗa damar samun wannan numfashi cikin tsari, su zaɓi abin da zai sunkuya da abin da zai tsaya.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne Call on Me ta Eric Prydz, ɗan ƙasar Suwidin, wadda aka gina a kan waƙar Valerie ta Steve Winwood. Ta fito a 2004, ta kuma yi jimillar makonni 5 a matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin Birtaniya. A cikinta ba a ɓoye komai ba. Madannai da murya suna nutsewa a kowane bugu, su kumburo kafin na gaba.

Abin da ya sa wannan ke motsa masu rawa lissafi ne mai sauƙi. Waƙar da ke tafiya bugu 125 a minti tana da milisakan 480 tsakanin ganga da ganga. Idan aka saita saki ta yadda kiɗan zai gama ɗagowa dab da bugu na gaba, to ƙololuwar ƙarfinsa tana faɗawa ne a tsakanin bugun. Ta haka sauti mai tsawo, wanda a da yake miƙe ba motsi, sai ya sami nasa kari, yana amsa wa ganga. Kwamfuresa ta tashi daga na'urar gyara ta zama kayan kiɗa.

Zamanin kwamfuta

A zamanin na'urorin ƙarfe, saidicen yana nufin jona waya a wata kafa da ke bayan akwati. Da aikin ya koma cikin kwamfuta sai abin ya ɗan yi wuya na wani lokaci, domin manhajoji da yawa ba su da hanyar tura sautin wani layi zuwa kunnen wani, sai an bi ta dabaru. A 2007 kamfanin Ableton da ke Berlin ya fitar da Live 7 da kwamfuresa mai karɓar sautin waje, kamfanin Steinberg na Jamus shi ma ya shigar da hanyar a cikin tsarinsa na VST3. FL Studio, manhajar kamfanin Image-Line na Beljiyam wadda ta yaɗu a ƙananan situdiyoyin Afirka, tana yin aikin ta hanyar Fruity Limiter.

Daga nan sai dabaru suka ƙaru. Wasu kan ajiye wata ganga ta ɓoye, wadda ba a jin ta a waƙa, aikinta kawai ta riƙa ba kwamfuresa umurni, ta yadda numfashin zai ci gaba ko a inda gangar gaske ta yi shiru. Wasu manhajoji, irin su LFO Tool da Kickstart, ba sa sauraron komai: suna rage ƙarfi su ɗaga shi bisa zanen da aka yi musu, daidai da gudun waƙa. A ƙa'ida wannan ba saidicen ba ne, tun da babu kunne a ciki, amma sunan ya bi shi. Akwai kuma na'urorin da ba sa danne sautin baki ɗaya, sai ɓangaren da ya yi karo da abokinsa kaɗai, kamar a rage kaurin bes a bar samansa.

Ba a kiɗan rawa kaɗai abin ya tsaya ba. Flying Lotus na Amurka da Kaytranada, haifaffen Haiti da ya girma a Kanada, sun yi amfani da shi a kan gangunan da ba sa sauka daidai kan layi, abin da ke sa kiɗan ya riƙa tangaɗi. A wajen situdiyo ma tunanin ya bazu: shi ne ake gani idan wayar hannu ta rage waƙa domin muryar da ke nuna hanya ta yi magana.

Ga masu haɗa waƙoƙin Hausa a Kano da Kaduna da Jos da Yamai, inda kalmomin mawaƙi su ne kan gaba kuma mai sauraro yana bin baiti ne ɗaya bayan ɗaya, nau'in da ke ɓuya shi ne ya fi dacewa: madannai da amsa-kuwwa su kauce wa murya. Nau'in Faransa kuwa yana da haɗari ga kayan kiɗa irin kalangu, wanda maganarsa ke cikin hawa da saukar amonsa bayan an buga. Idan kwamfuresa ta danne shi a daidai wannan lokaci, an cinye abin da yake faɗa.

Masu suka

Daga wajen 2010, lokacin da kiɗan rawa na lantarki ya mamaye gidajen rediyon Amurka da Turai, numfashin saidicen ya shiga kusan ko'ina, kuma suka ta biyo baya. Wasu injiniyoyi suna ganin ya zama mafakar ragwanci. Maimakon a zaɓi ganga da bes da suka dace da juna, ko a rubuta bes ɗin ta yadda zai faɗo a inda ganga ba ta nan, sai a cusa komai a bar kwamfuresa ta raba gardama.

Wannan suka tana da tushe. Wanda ya saurari faya-fayen Fela Kuti na shekarun 1970 zai ji ganguna da bes da jitoci da ƙahoni masu yawa, amma kowa yana fitowa sarai, domin Tony Allen da abokan aikinsa sun tsara kiɗan ne ta yadda kowane makaɗi ke buga nasa a gurbin da wani ya bari. Abin da na'ura ke yi a yau, makaɗan suna yin sa da kunne da hannu. Haka kuma danniya mai yawa tana gajiyar da kunne, kuma waƙar da aka haɗa domin manyan lasifikokin gidan rawa takan yi rauni a ƙaramar lasifikar waya, inda ba a jin nauyin gangar amma ana jin ramin da aka haƙa mata.

Duk da haka, ba adalci ba ne a ɗora wa dabarar laifin masu amfani da ita. A kiɗan da aka gina da sautukan lantarki masu tsawo, waɗanda ba su da makaɗin da zai ɗaga hannu ya ba wani wuri, babu wata hanya da ta fi ta sauƙi, kuma a hannun gwani numfashin nan wani ɓangare ne na waƙar, kamar yadda karin murya yake.

Su kansu Daft Punk sun juya wa salon baya kafin wasu. A kundinsu na ƙarshe, Random Access Memories, na 2013, sun ɗauko makaɗa na zahiri, ciki har da Nile Rodgers a jita da Omar Hakim da John Robinson a ganguna, suka naɗi kiɗan a manyan situdiyoyi tare da barin tazara mai faɗi tsakanin sauti mai ƙarfi da mai rauni. A 2014 kundin ya lashe kyautar Grammy ta kundin shekara, da kuma ta kundin da ya fi kyawun aikin injiniya. Ƙungiyar ta sanar da rabuwarta a watan Fabrairun 2021.